Hanya, Kuɗi da Mutane: Nazari a kan Hulɗar Kwaddebuwa da Maƙwabtanta a Shekarun Yaƙi, 2002 zuwa 2011

Wanda ya zaga kasuwannin Adjame a birnin Abijan, daga unguwar Bracodi zuwa babbar tashar mota, zai ga cewa kaɗan ne daga cikin abin da ake saye da sayarwa a wurin ya tashi daga kusa. Albasa ta fito ne daga Galmi da kewayenta, a jihar Tawa ta Nijar. Naman da ke kan teburin mahauci, dabbar da aka yanka ta taso ne daga Mali ko Burkina Faso ko Nijar. Goron da ake ɗaurewa a Anyama, arewa da birnin, ya nufi Bamako ko Yamai ko Kano. Hatta abincin talakan Abijan da aka fi sani, wato aceke na rogo da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma ana danganta sunan da 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi. Wannan cuɗanya ita ce ta sa muka zaɓi mu dubi yaƙin basasar Kwaddebuwa ta fuskar da ba a cika duba shi ba. Tambayarmu guda ce: idan ƙasar da maƙwabta suka dogara da ita ta faɗa cikin yaƙi, me ke faruwa da igiyoyin ciniki da na siyasa da suka ɗaure ta da su?

Ma'anar kalmomi

Da ƙasa mai ƙarfi ba muna nufin irin Amurka ko Sin ba. Muna nufin ƙasar da nauyinta ya rinjayi na maƙwabtanta har ya zama motsinta yana motsa su. A wannan ma'auni Kwaddebuwa ta cancanci sunan. Ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman koko, tashar jiragen ruwanta ita ce babba a cikin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, kuma kafin yaƙin ita kaɗai ke riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na arzikin ƙungiyar UEMOA, wato tarayyar ƙasashe takwas da suke amfani da kuɗin sefa, wadda aka kafa a 1994. Da hulɗar tattalin arziki muna nufin duk wani zirga-zirgar kaya da kuɗi da ma'aikata tsakanin ƙasashe, ko hukuma ta rubuta shi ko ba ta rubuta ba. Diflomasiyya kuwa kalmar aro ce, ma'anarta yadda gwamnatoci ke tafiyar da al'amuransu da juna ta hanyar jakadu da taruka da yarjejeniyoyi, da kuma matsin lambar da bai kai ga ɗaukar makami ba. Akwai kuma kayan wucewa, waɗanda ma'aikatan kwastan da 'yan kasuwa ke kira taransi: kayan da aka sauke a tashar ruwan wata ƙasa amma ba a cikinta za a sayar da su ba, ratsa ta kawai za su yi zuwa ƙasar da ba ta da gaɓar teku.

Kalmar da ta fi buƙatar tsayawa a kanta ita ce maƙwabci. A taswira, ƙasashe biyar ne suka haɗa iyaka da Kwaddebuwa: Laberiya, Gini, Mali, Burkina Faso da Gana. Amma taswira ba ta isa ba, domin akwai maƙwabtakar iyaka, akwai kuma maƙwabtakar hanya da jama'a. Don haka muka kasa maƙwabtan gida huɗu. Na farko, waɗanda numfashinsu ke bi ta tashar Abijan, wato Burkina Faso da Mali. Na biyu, abokan gasa na bakin teku, wato Gana, da Togo da Benin da ke bayanta. Na uku, na yamma, Laberiya da Gini, waɗanda iyakarsu ta daɗe tana fama da yawon mayaƙa. Na huɗu, Nijar da Najeriya, waɗanda ba su taɓa iyakar Kwaddebuwa ba, amma 'ya'yansu sun cika Adjame da Treichville, kuma a lokacin yaƙin muryarsu tana da nauyi a ƙungiyar ECOWAS, wadda a ƙasashen Faransanci ake kira CEDEAO. Hausawan Abijan daga wannan gida na huɗu suka fito.

Yadda aka ƙulla dogaron

Dogaron nan ba haka kawai ya tsiro ba, gina shi aka yi da gangan. Turawan Faransa sun fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan a 1904. Ta isa Buwake a 1912, Bobo-Julaso a 1934, Wagadugu a 1954. Sunan da aka raɗa wa hukumar jirgin shi ne Abijan-Nijar, ko da yake layin bai taɓa isa Nijar ba har yau. Tsakanin 1932 da 1947 ma an rushe yankin mulkin Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, aka haɗa babban ɓangarensa da Kwaddebuwa, kuma babban dalili shi ne samun 'yan ƙwadago na gonakin koko da kofi na kudu. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, sai Abijan ta zama bakin da ƙasashen arewa ke ci da shi. Treichville, da ke jikin tashar, da Adjame da ke arewa da unguwar Turawa ta Plateau, su ne unguwannin da aka ware wa baƙar fata, kuma nan baƙi suka fara sauka.

Félix Houphouët-Boigny, wanda ya mulki ƙasar daga 1960 har rasuwarsa a Disamba 1993, ya mayar da wannan gado na mulkin mallaka ya zama siyasa. A 1959 ya jagoranci kafa Majalisar Fahimtar Juna, wadda ta haɗa Kwaddebuwa da Haute-Volta da Nijar ta Diori Hamani da Dahomey, daga baya Togo ta shigo. Ya buɗe ƙofa ga baƙi su yi noma da ciniki. Sakamakon ya bayyana a ƙidayar 1998: daga cikin mutum miliyan 15.4, kimanin miliyan 4, wato kashi 26 cikin ɗari, an rubuta su a matsayin baƙi. Fiye da rabinsu 'yan asalin Burkina ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar 'yan Mali, 'yan Nijar kuwa sun kai kimanin dubu 100. Kusan rabin waɗannan da ake kira baƙi a cikin ƙasar aka haife su. Amma tun kafin a harba harsashi ƙofar ta fara rufewa. An shigo da katin zama na baƙi a farkon shekarun 1990, lokacin da Alassane Ouattara ke firayim minista, kuma ba da jimawa ba ya zama abin da ake tsare mutum da shi a kan titi. A zamanin Henri Konan Bédié aka yayata aƙidar ibuwarite, mai bambanta ɗan ƙasa na asali da wanda ake shakkar asalinsa. Dokar filaye ta 1998 ta keɓe mallakar gonakin karkara ga 'yan ƙasa, kuma a ƙarshen 1999 aka kori dubban 'yan Burkina daga yankin Tabu.

A daren 19 ga Satumba 2002 sojoji masu tawaye suka kai hari a Abijan da Buwake da Korogo. Sun kasa kama Abijan, amma suka riƙe arewa, ƙasar ta rabu biyu, sojojin Faransa suka tsaya a tsakiya. Daga wannan rana ne nazarinmu ya fara.

Igiyar hanya

Babbar hanyar arewa guda ce. Daga Abijan ta bi Yamusukuro, Buwake, Katiyola, Ferkesedugu, sai ta rabu a Wangolodugu: reshe ɗaya ya nufi Sikaso da Bamako, ɗaya ya nufi Banfora da Bobo-Julaso da Wagadugu, daga can ya wuce Fada N'Gurma zuwa Yamai. Yaƙin ya yanke wannan hanya a tsakiyarta, tsakanin Tiyebisu da Buwake. Jirgin ƙasa, wanda kamfanin Sitarail ke tafiyarwa tun 1995, ya tsaya cik, kuma iyakar ƙasa da Burkina ta kasance a rufe har Satumba 2003, shekara guda cur. Kafin haka mafi yawan kayan da Mali da Burkina ke shigowa da su ko fitarwa ta teku, musamman auduga da man fetur da shinkafa da siminti da taki, ta Abijan suke bi. Cikin 'yan makonni dole ta sa 'yan kasuwarsu suka karkata zuwa Tema da Takoradi a Gana, da Lome, da Kwatano, da Dakar. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa. Waɗannan tashoshi sun yi wa sababbin baƙin rangwame, sun ba su filayen ajiya, kuma ko bayan an sake buɗe hanyar Buwake ba duka suka koma ba. Darasin da Bamako da Wagadugu suka ɗauka shi ne kada a sake jingina da tasha guda, kuma wannan ya zama manufar gwamnati.

Lamarin Nijar ya sha bamban, kuma yana da kyau mu fayyace shi domin sau da yawa ana haɗa ta da sauran biyun. Tashar ruwan Nijar ta asali Kwatano ce, ta hanyar Gaya da Malanbil. Abijan a wurin Nijar ba ƙofar shigo da kaya ba ce, kasuwa ce da kuma wurin biɗa. Abin da take aikawa albasa ce da dabbobi da matasa 'yan cin rani, musamman daga Adar. To, albasa ba siminti ba ce da za ta jira. Motar da ta tashi daga Galmi ko Madawa, wadda a da take ratsa Burkina ta sauka ta Buwake, sai ta koma gangarowa ta Gana, daga Paga zuwa Tamale da Kumasi da Takoradi, ta ƙetare a Elubo da Nowe ta shiga Abijan ta gabas. Hanyar ta ƙara tsawo, an ƙara iyaka guda, an ƙara kuɗi na daban, wato sidi, an ƙara shingayen jami'ai masu wani harshe. Kowane kwana da aka ƙara a hanya, wani kaso na buhunan ya ruɓe, kuma albasar Holan da ke zuwa ta jirgin ruwa tana nan tana jiran gurbin. Asarar tana sauka ne a kan sarƙa guda: manomin fadama da ya ba da kaya bashi, mai gidan da ke Abijan wanda ya tsaya masa, dillali, da yaron da ke dakon buhu.

A nan ya kamata mu bayyana mai gida a ma'anar fatauci, domin shi ne ginshiƙin da ya hana cinikin rushewa. Shi ne mazaunin gari da ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya lamunci bashi, ya kuma shiga tsakani idan aka sami matsala da hukuma. Tsari ne da Hausawa suka daɗe da shi tun zamanin ayarin goro na Gwanja. Ba ya dogara da banki ko kotu, amana ce jarinsa. Da hukumomi suka rufe iyaka, wannan tsari ne ya gano sabuwar hanya kafin kowane minista ya sa hannu a takarda. A ganinmu, idan ana lissafin abin da ya ciyar da Abijan a 2003, ya kamata a sa waɗannan masu gida na Adjame da Treichville a sahun gaba.

Ciniki a bayan layi

Kuskure ne a ɗauka arewa ta zama kango. Abin da ya faru shi ne ta juya baya ga Abijan ta fuskanci Bobo-Julaso da Sikaso. 'Yan tawaye, waɗanda suka haɗu ƙarƙashin sunan Sababbin Dakaru a jagorancin Guillaume Soro, sun kafa hukumar tara haraji da ake kira Santaral, suka raba yankinsu shiyya-shiyya, kowace da kwamandanta. Kowace babbar mota sai ta biya kuɗin takardar wucewa, sannan ta biya a shingaye. Man fetur da sukari da babura 'yan Sin suka riƙa kwararowa daga arewa ba tare da harajin kwastan na gwamnati ba, har Buwake ta zama garin 'yan acaɓa, abin da ba a san ta da shi ba a da. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kokon da ake nomawa a yankin Man da Babuwa ya riƙa haurawa Burkina ya sauka Lome a fitar da shi, kamar yadda ƙungiyar Global Witness ta bayyana a rahotonta na 2007. Auduga ta bi ta Mali da Burkina. Lu'ulu'un Segela ya ci gaba da ficewa ta iyakoki duk da haramcin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa masa a Disamba 2005.

Abin da wannan ke nunawa shi ne yaƙi bai kashe ciniki ba, ya sauya mai karɓar kuɗin hanya ne. Ya kuma haifar da mutane, a ɓangarorin biyu na layin da kuma a ƙasashen maƙwabta, waɗanda rabuwar ƙasar ta zame musu abinci. Muna ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka shafe shekaru a halin da mutanen Abijan ke kira ba yaƙi ba zaman lafiya, zaɓen da ya kamata a yi a 2005 aka yi ta ɗage shi har 2010. Wani abin lura kuma, wutar lantarki ba ta bi layin yaƙi ba. Kudu ta ci gaba da ba arewa wuta shekara da shekaru ko da yake mafi yawan jama'ar can sun daina biyan kuɗi, kuma a kan wannan layin ne wuta ke wucewa zuwa Bobo-Julaso.

Igiyar kuɗi

Wannan igiya ta fi sauran ɓoyuwa, amma ta fi su ƙarfi. Ƙasashen UEMOA takwas kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya, wato BCEAO mai hedikwata a Dakar, kuma al'ada ta tabbata cewa gwamnan bankin ɗan Kwaddebuwa ne. Amfanin wannan a lokacin yaƙi a bayyane yake. Gwamnatin Abijan ba ta da ikon buga kuɗi yadda ta ga dama don biyan sojoji, saboda haka sefa ba ta karye ba, kuma jikar da ke aljihun ɗan kasuwa a Treichville ita ce jikar da ke Maraɗi. Amma tarayya tana da nata nauyin. Bayan an fasa rassan bankin a Buwake a Satumba 2003, da na Man da Korogo daga baya, sai bankin ya yanke shawarar janye tsofaffin takardun kuɗi samfurin 1992 daga dukan ƙasashen takwas, aka fara a Satumba 2004. Makiyayi a Abalak da mai koli a Damagaram, waɗanda ba su san inda Korogo take ba, sai da suka bi layi don canza abin da suka adana. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. A ɓangaren manyan hukumomi kuma, Bankin Raya Afirka ya kwashe ma'aikatansa daga Abijan zuwa Tunis a 2003, bai dawo ba sai 2014.

Teburin sulhu

Idan muka jera wuraren da aka zauna, za mu ga tafiya mai ma'ana. An fara da Akra a ƙarshen Satumba 2002, inda ECOWAS ta kafa kwamitin tuntuɓa da ya haɗa da Nijar da Najeriya da Mali da Gana da Togo da Gini Bisau. Ministan harkokin wajen Senegal ya samo tsagaita wuta a 17 ga Oktoba. Aka koma Lome a hannun shugaban Togo Gnassingbé Eyadéma. Daga nan Faransa ta ɗauki lamarin zuwa Linas-Marcoussis a Janairu 2003, aka sake dawowa Akra sau biyu, aka tafi Pretoriya wurin shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki a Afrilu 2005. A ƙarshen wannan shekara Olusegun Obasanjo, yana shugaban Tarayyar Afirka, da Tandja Mamadou, yana shugaban ECOWAS, tare da Mbeki, suka yi shawarwarin da suka kai ga naɗa Charles Konan Banny firayim minista, aka ɗauko shi daga kujerar gwamnan BCEAO. Nijar kuma tana cikin ƙasashe biyar da suka ba da sojojin kiyaye zaman lafiya na ECOWAS a 2003, tare da Senegal da Gana da Benin da Togo. Duk waɗannan sun hana wutar ruruwa, amma ba su kashe ta ba.

Yarjejeniyar da ta yi aiki ita ce ta Wagadugu, ta 4 ga Maris 2007, kuma mai shiga tsakani shi ne shugaban Burkina, Blaise Compaoré. Wannan abin tsayawa ne a yi tunani. Tun ranar farko gwamnatin Laurent Gbagbo Burkina take zargi, domin sojojin da suka shirya tawayen a Wagadugu suka yi gudun hijira, ko da yake Burkina ta musanta hannu a ciki. To ta yaya wanda ake zargi ya zama alƙali? Amsarmu ita ce, sulhu ba ya buƙatar wanda ba ruwansa, yana buƙatar wanda ke riƙe da wani abu da ɓangarorin biyu ba za su iya yi ba tare da shi ba. Compaoré na riƙe da ƙofar bayan 'yan tawaye, Gbagbo kuma na riƙe da makomar mutanen Burkina sama da miliyan biyu da hanyarta ta teku. Pretoriya da Paris ba su da irin wannan jinginar. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Soro ya zama firayim minista, aka ƙona makamai a filin wasa na Buwake a 30 ga Yuli 2007, a Nuwamba aka soke katin zama ga 'yan ƙasashen ECOWAS, a Yuli 2008 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar abota da haɗin kai. Soke katin nan, a wurin mai shayi ko mai gyaran takalmi a Bracodi, ya fi duk wata sanarwar taro tasiri, domin shi ne ya rage yawan tsayar da shi a hanya.

Maƙwabtan yamma ba za mu daɗe a kansu ba, hulɗarsu ta bindiga ce fiye da ta ciniki. Ƙungiyoyin tawaye biyu da suka ɓulla a Man da Danane a Nuwamba 2002 sun zo da mayaƙan Laberiya na ɓangaren shugaban ƙasar Charles Taylor, ita ma Abijan ta mara wa masu yaƙar Taylor baya.

Mutane a matsayin gada da garkuwa

Igiya ta ƙarshe ita ce ta mutane, kuma ita ce ta fi ciwo. Baƙin da ke cikin ƙasa gada ne a lokacin lafiya: su ke kai kuɗi gida, su ke kawo kaya, su ke sa shugabanni su ji nauyin juna. A lokacin yaƙi sai gadar ta zama garkuwa. Kwanaki kaɗan bayan harin Satumba 2002, aka ƙona unguwannin katako na talakawa da ke kewaye da barikin jandarma na Agban, a gefen Adjame, bisa hujjar cewa maharan a can suka ɓuya. Mafi yawan mazauna wurin baƙi ne. Burkina ta shirya kwashe mutanenta a wani shiri da ta kira Bayiri, wato ƙasar haihuwa a harshen Mosi, kuma waɗanda suka koma, a motocin gwamnati ko da kuɗinsu, sun kai dubbai ɗaruruwa. A ƙauyukan Sahel, kuɗin da ke zuwa ya ragu, bakunan da ke ci suka ƙaru. Bahaushe a Abijan ba shi da ƙuri'a, ba shi da hannu a rigimar ibuwarite, amma suna da riga da sallah sun sa a shingen hanya ana lissafa shi da mutanen arewa.

Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 28 ga Nuwamba 2010 ya haɗa dukan igiyoyin wuri guda. Hukumar zaɓe ta ce Ouattara ya ci da kashi 54, Majalisar Tsarin Mulki ta ce Gbagbo ne. A 7 ga Disamba, a Abuja, ECOWAS ƙarƙashin Goodluck Jonathan ta amince da Ouattara, a 24 ga wata kuma ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Martanin ɓangaren Gbagbo shi ne tunatar da maƙwabta cewa miliyoyin 'ya'yansu na zaune a ƙasar, kuma kowa ya fahimci abin da ake nufi. Har wasu suka taru a ƙofar ofishin jakadancin Najeriya a Abijan suna roƙon kada a turo soja. Shugaban Gana John Atta Mills ya fito fili a Janairu 2011 ya ce ƙasarsa ba za ta ba da soja ba. Rundunar ECOWAS ba ta zo ba. Duk da haka, a watannin Fabrairu da Maris ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidu na kisan 'yan Mali da Burkina da Nijar da sauran baƙi a shingayen da matasa suka kafa a unguwannin Abijan.

Makamin da ya yi aiki na kuɗi ne. A 23 ga Disamba 2010 ministocin kuɗi na UEMOA suka yanke cewa sa hannun Ouattara kaɗai bankin zai karɓa a asusun ƙasar. A taron Bamako na 22 ga Janairu 2011 aka tilasta wa gwamnan bankin, Philippe-Henri Dacoury-Tabley, yin murabus. Gbagbo ya ƙwace rassan bankin da ke Abijan, Dakar kuma ta yanke su daga na'urar da bankuna ke biyan juna. Ouattara ya hana fitar da koko, Tarayyar Turai ta sa wa tashoshin Abijan da San Pedro takunkumi, a tsakiyar Fabrairu manyan bankunan kasuwanci suka rufe ƙofofinsu, kasuwar hannun jari ta yankin ta koma Bamako na ɗan lokaci. Ƙananan ƙasashen da suka daɗe suna bin bayan Abijan, su ne suka rufe mata famfo. Ba mu ce wannan kaɗai ne ya kawo ƙarshen lamarin ba, domin sai da dakarun arewa suka gangaro, jiragen Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi luguden wuta, kafin a kama Gbagbo a 11 ga Afrilu 2011, bayan mutuwar kimanin mutum 3,000. Amma ya raunana gwamnatinsa ƙwarai. Ya kuma raunana wanda ajiyarsa ta maƙale a banki, da wanda ya ba da albasa bashi ga matan kasuwa da albashin mazajensu bai fito ba.

Wannan makami bai koma kube ba. An zare shi a kan Mali bayan juyin mulkin 2012, aka sake zare shi a Janairu 2022. A 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan an tsare shugaban Nijar Bazoum Mohamed, ECOWAS da UEMOA suka rufe iyakoki da Nijar suka kuma daskarar da kadarorinta a BCEAO, kuma Ouattara na cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan matakin, har ya yi alkawarin ba da bataliyar soja. A wannan karo iyalan da ke Tawa da Ƙonni ne ke cikin takunkumi, 'ya'yansu da ke Bracodi kuma su ke neman hanyar da za su aika musu da kuɗin hatsi. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, a Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga ECOWAS. Amma dukansu uku har yanzu suna cikin UEMOA, sefa ce a hannunsu, kuma jiragen kaya na Sitarail suna ci gaba da tashi daga Abijan zuwa Wagadugu.